Ƙungiyar Masu Zanen Ƙasashen Gabas ta Faransa

Hanyar masu zane zuwa ƙasashen Gabas ta buɗe ne da bakin bindiga. Faransa ta kama birnin Aljiyas a 1830, bayan shekara biyu Eugène Delacroix ya bi wata tawagar gwamnati zuwa Maroko, ya dawo da littattafai cike da zane. Daga nan masu zane suka yi ta kwarara Arewacin Afirka da Masar. Léon Belly ya zana ayarin mahajjata bisa raƙuma a 1861, Gustave Guillaumet kuma ya zana Sahara a 1867, da gawar raƙumi kwance a kan rairayi.

Duk da haka ba su da inuwa guda sai a 1893, lokacin da aka kafa musu ƙungiya a Paris. Léonce Bénédite, mai kula da gidan tarihi na Luxembourg, shi ya riƙe ta har rasuwarsa a 1925. Aka ba Jean-Léon Gérôme shugabancin girmamawa. Baje kolinsu na farko ya zo tare da nunin fasahar Musulmi.

Ƙungiyar ta yi ƙarfi ne saboda gwamnatin mulkin mallaka ta ga amfaninta. Zanen hamada da dabino da kasuwa yana ƙawata wa Bafaranshe ƙasar da aka ƙwace, ba ya nuna masa gonakin da aka raba mutane da su. Wannan shi ne abin da ke damuna duk lokacin da na kalli waɗannan ayyuka, komai kyansu, kuma suna da kyau ƙwarai. A 1907 gwamna Charles Jonnart ya buɗe gidan Abd-el-Tif a Aljiyas, inda matasan masu zane daga Faransa suke zama su yi aiki, ƙungiyar ce kuma take zaɓo su.

Cikin waɗanda suka kafa ta, Étienne Dinet ya fita daban. Ya koyi Larabci, ya zauna a garin Bou Saada tare da mutanen da yake zanawa, ya musulunta ya ɗauki sunan Nasiruddin. Ya sauke farali a 1929, ya rasu a Paris ƙarshen wannan shekara, aka mai da gawarsa Bou Saada aka binne shi a can.