Filashin hannu marar waya: kyamarorin da yake aiki da su da waɗanda yake ƙi

Masu ɗaukar hoto a wuraren biki da suna, daga Maraɗi zuwa Damagaram, da yawansu sun koma amfani da filashin da ake kafawa nesa da kyamara, bisa sanda ko a hannun yaro, ana tayar da shi ba tare da waya ba. Mafi arha cikinsu shi ne filashin hannu, wato wanda mai hoto da kansa yake saita ƙarfin haskensa, kyamara ba ta auna masa komai. Mai sayarwa yakan ce yana aiki da kowace kyamara. Galibi gaskiya ne, amma akwai inda maganar ba ta kai ba, kuma wanda bai sani ba sai ya zuba kuɗinsa ya iske filashi ya ƙi tashi a daren biki, ko ma ya lalata masa kyamara.

Ƙusa ɗaya ce ke yin aikin

A saman kyamara akwai mazauni na ƙarfe da ake zura ƙafar filashi a ciki. Fasalinsa ɗaya ne a yawancin kamfanoni, domin ƙa'idar duniya mai lamba ISO 518 ce ta tsara shi. A tsakiyarsa akwai babban ɗigon ƙarfe, a ƙafar filashi kuma akwai ƙusa da ke taɓa shi. Da an danna maɓallin ɗauka, kyamara tana haɗa ɗigon nan da ƙarfen gefe, filashi ya tashi. Iyakar saƙon ke nan.

Ƙananan ɗigogin da ke kusa da babban, huɗu a Canon, uku a Nikon, na tsarin TTL ne, inda filashi ke sakin ɗan haske kafin hoto, kyamara ta auna, sannan ta gaya masa ƙarfin da zai saki. Kowane kamfani da jerinsa da harshensa, shi ya sa filashin TTL na Canon ba ya jin maganar Nikon. Filashin hannu kuwa babu ruwansa da su. Yongnuo YN560 IV ko Godox TT600, masu ƙusa ɗaya, suna tashi a kan Canon, Nikon, Fujifilm, Pentax, Olympus da Panasonic.

Inda ake samun matsala

Babban tarkon yana cikin kyamarorin Canon masu arha, waɗanda su ne ƴan koyo suka fi saye. Kamfanin ya fitar da EOS 2000D da 4000D a 2018, da 250D a 2019, babu ɗigon tsakiya a mazauninsu. Filashi mai ƙusa ɗaya zai zauna daram a kansu, amma ba zai tashi ba ko an kwana ana dannawa. Kyamarorin nan suna da wasu sunaye dangane da ƙasar da aka sayar da su: 2000D ita ce Rebel T7 a Amurka da 1500D a Asiya, 4000D ita ce T100 ko 3000D, 250D kuma SL3 ko 200D II. Tun da kayanmu ta hanyoyi da yawa suke shigowa, kada a dogara da suna. A leƙa mazaunin da ido. In babu babban ɗigo a tsakiya, sai an nemi na'urar tayarwa da aka yi wa Canon takanas, mai cikakkun ƙusoshi, kuma a gwada ta kafin a biya. EOS R50 ta 2023 ita ma sabon mazauni gare ta, tana buƙatar mahaɗin AD-E1 kafin ta ɗauki filashi mai tsohuwar ƙafa.

Sony tarihinta biyu ne. Tsofaffin Alpha sun gaji mazaunin Minolta na 1988, wanda fasalinsa daban ne ɗungurungum, ƙafar filashi ta gama-gari ba ta shiga sai da mahaɗi. Daga 2012 kamfanin ya koma mazauni mai kama da na kowa, da ɗigon tsakiya, sai dai akwai siraran haƙora a can gabansa da ke lanƙwashewa in an tura ƙafa da ƙarfi. Mai Sony gara ya nemi samfurin da aka yi mata, kamar TT600S.

Haske ko rediyo

Hanya biyu ake tayar da filashi daga nesa. Ta farko ita ce ido: filashin yana da ɗan gilashi mai ganin haske, da ya ga wani filashi ya tashi sai shi ma ya tashi. A jikinsa za a ga S1 da S2. S1 yana bin hasken farko da ya gani. S2 yana ƙyale ɗan hasken aunawa na TTL, ya jira na ainihi. Wanda ya sa S1 alhali ƙaramin filashin kyamararsa yana kan TTL zai ga filashi ya haska da idonsa, amma hoto ya fito da duhu, domin ya tashi kafin lokaci. Wannan hanya tana aiki da duk kyamarar da ke da filashi a jikinta, har waɗancan Canon marasa ɗigo. Aibinta biyu ne: cikin rana tsaka idon ba ya gani sosai, a wurin biki kuma, inda masu hoto uku ko huɗu ke aiki, filashin kowa zai riƙa tayar da naka yana cinye maka batir.

Ta biyu ita ce rediyo, a zangon 2.4 GHz, kuma ita ce ta masu sana'a. Ana ɗora ƙaramar na'urar tayarwa bisa kyamara, filashi na karɓar saƙo ko da bango ko jama'a sun shiga tsakani. A nan dacewa iri biyu ce, kuma mutane kan gauraya su. Tsakanin na'urar tayarwa da kyamara, sunan kyamarar ake dubawa: Godox na sa harafi a ƙarshen sunan X1T, X2T da XPro, C na Canon, N na Nikon, S na Sony, F na Fujifilm, O na Olympus da Panasonic. Tsakanin na'urar da filashi kuwa, gidan rediyon ake dubawa. Na'urar Godox ba ta tayar da Yongnuo ta rediyo, haka ma akasi. Ko a cikin Yongnuo, jerin 560 da RF-603 gida ɗaya ne, jerin 622 gida daban. Amfanin wannan ga mai sutudiyo babba ne: in yana da Nikon abokin aikinsa na da Canon, filashi ɗaya ya ishe su, kowa da na'urar tayarwarsa. Sai a tabbatar lambar tasha ɗaya ce a ɓangarorin biyu, in kuma wani mai hoto a wurin yana kan tasharka, ka sauya.

Tsohon filashi da haɗarin wuta

A cikin kayan gwanjo ana cin karo da filashin zamanin fim, masu ƙarfi kuma da araha. Wasunsu, kamar Vivitar 283 na farko-farko, suna ajiye wutar da ta haura volt 200 a kan ƙusar tsakiya. Tsofaffin kyamarori na ƙarfe ba su damu ba, na yanzu kuwa ba duka ke jurewa ba. Ƙa'idar ISO 10330 ta tsaya a volt 24, wasu Canon na farkon zamanin dijital ma volt 6 aka ba su. Kowane mai gyaran rediyo zai iya aunawa da mitarsa: a kunna filashi ya cika, a ɗora waya ɗaya a ƙusar tsakiya, ɗaya a ƙarfen gefen ƙafa. In lambar ta yi yawa, kada ya hau kyamara, kada kuma ya hau na'urar rediyo sai an karanta iyakar da take ɗauka.

Saituttukan da ke sa a zargi filashi a banza

Baƙin layi a gefen hoto ba lalacewa ba ce. Labulen kyamara yana da iyakar saurin da yake buɗewa gaba ɗaya a lokaci guda, galibi 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, a Sony A6000 kuma 1/160. In an wuce nan, filashi zai haska alhali labule ya rufe wani sashe. Kyamarori da yawa ba sa tayar da filashi in an sa su a ɗauka marar ƙara. A marasa madubi kuma allon yakan yi duhu a cikin ɗaki, domin kyamara ba ta san akwai filashi ba. Sai a kashe saitin da ke nuna hasken hoto tun kafin ɗauka.

Ƙarfin hasken ana rage shi ne rabi-rabi, daga 1/1 zuwa 1/128. Lambar jagora da ake bugawa a kwali, 58 a YN560, 60 a TT600, lissafinta nisa a mita sau lambar f, a ISO 100. Amma an auna ta ne da hasken a matse, a zum 105 da 200. In an buɗe shi don hoton dangin amarya, ƙarfin yana raguwa sosai, lema ko farin ƙyalle su ƙara cinye wani. A tuna kuma cewa in nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ke isa.

Zafinmu na watan Afirilu da Mayu ba ya raga wa filashi. Dannawa a jere a 1/1 yana sa shi ya yi zafi ya tsaida kansa na ɗan lokaci, daidai lokacin da ango ke shigowa. Gara a ɗaga ISO zuwa 400 a yi aiki a 1/4, hasken ɗaya ne. Yawancinsu pil huɗu na AA suke ci, kuma masu caji irin NiMH sun fi na shago saurin cika shi. Lokacin hunturu ƙura kan kwanta bisa ɗigon tsakiya ta hana shi haɗuwa da ƙusa. Busasshen ƙyalle ya isa a goge shi.