Wanzami da Ungozoma a Tarihin Kiwon Lafiyar Jama'a: Waiwaye daga Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

An daɗe ana kiran a farfaɗo da al'adun gargajiya domin kyautata lafiyar jama'a, amma ba kasafai masu kiran ke fayyace wace al'ada suke nufi ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta waiwayi tarihin masu sana'a biyu, watau wanzami da ungozoma, ta nuna cewa abin da ya fi cancanta a raya shi ne matsayinsu da amincin da jama'a suka ba su. Ayyukan hannunsu kuwa sai an yi musu tankaɗe da rairaya.

Ƙasar da Mutanenta

Birnin Kudu da Gwaram suna kudancin Jihar Jigawa, kan iyaka da Jihar Bauchi, kuma mazaunansu sun haɗa da Hausawa da Fulani da Warjawa. Zanen shanu da ke jikin duwatsun Mesa da Habude, wanda Bernard Fagg ya yi nazari a kansa a tsakiyar shekarun 1950, shaida ne cewa zaman mutane a nan ya daɗe ƙwarai. A ƙarni na 19 yankin yana cikin ƙasar Kano, ya kuwa sha hare-haren Ningawa, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi (1855-1882). Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903 aka tabbatar da tsarin gundumomi, umarni na sauka daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, garuruwan biyu suna cikin Masarautar Dutse. A mafi yawan wannan dogon zamani babu asibiti, sai masu maganin gida.

Mako Guda na Farko

Kamar yadda yake a sauran ƙasar Hausa, muhimmancin waɗannan mutane biyu ya fi fitowa a tsakanin haihuwa da suna. Ungozoma ce ke yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta kuma tsaya a kan wankan jego. Wanzami shi ke aske jariri ran suna, ya yi tsagar gado in gidan na yi, ya cire belu. Daga baya shi zai yi wa yaro kaciya, ya yi wa babba ƙaho. Sana'ar gado ce, tana da shugabanta, Sarkin Aska, kuma yawanci kowane gida da wanzaminsa tun kaka da kakanni. Saboda haka da wuya a yi haihuwa a unguwa har a kwana bakwai labari bai kai kunnen waɗannan biyu ba. Har yau ba kowane ma'aikacin lafiya ke da irin wannan dama ba.

Al'adar ta ƙunshi hikimomi da binciken zamani ya gaskata. Kwana arba'in na jego hutu ne ga mai haihuwa, ga abinci mai gina jiki, ga 'yan'uwa mata masu ɗauke mata aiki. Shayarwa ta kusan shekara biyu, tare da gorin da ake yi wa wadda ta yi kwanika, sun samar da tazarar haihuwa tun kafin a ji wannan kalma a rediyo.

Inda Al'ada ta Cutar

Duk da haka, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Yankan gishiri, da akan yi wa macen da naƙuda ta yi wa tsawo, yana cikin abubuwan da ke haddasa yoyon fitsari, ko da yake doguwar naƙudar ita ce babban dalili. Kunyar ɗan fari kan sa yarinya ta ɓoye naƙuda har lokaci ya ƙure. Cire belu kan jawo zubar jini, aska ɗaya a jikin mutane da yawa kuwa hanya ce ta yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

Masu ganin tace al'ada aikin baƙi ne sun manta da tarihi. Malaman jihadi sun riga kowa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817-1837) kuma ya wallafa littattafai da dama a kan magani. Sun yaƙi tsafi da camfi, suka ƙarfafa neman magani ta hanyar da ta dace. Ashe zaɓen abin riƙewa da abin yarwa shi ma gado ne.

Zamanin Asibiti

Da maganin Turawa ya zo, sai aka kafa shi a gefe guda, ba tare da an nemi masu maganin gida ba. Taron Alma-Ata na 1978 ne ya sauya tunani, domin ya yi kira da a gina kiwon lafiya matakin farko a kan sa hannun jama'a, har da masu maganin gargajiya in an horar da su. A Nijeriya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗauki wannan tuta, aka horar da ungozomomi da yawa. Amma zuwa ƙarshen shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karkata ga ƙwararrun ma'aikatan karɓar haihuwa, don an ga horon bai rage mutuwar mata yadda aka zata ba. Dalili a fili yake: ungozoma ba ta da jinin da za ta ƙara, ba ta da ɗakin tiyata. Amfaninta yana ga gane haɗari da wuri da tura mace asibiti.

A Jigawa, gwamnatin Sule Lamido (2007-2015), wanda ɗan Bamaina ne ta ƙasar Birnin Kudu, ta gudanar da harkar lafiya a tsarin da aka kira Gunduma, sunan da aka aro daga mulkin gargajiya. Birnin Kudu tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon jinya. Sai dai ginin asibiti daban, isowar mai naƙuda daga ƙauyukan Gwaram a kan lokaci daban.

Darasin Shan Inna

Babu abin da ya bayyana ƙarfin amincin jama'a kamar tarihin rigakafin shan inna. Sunan cutar kansa yana nuna yadda Bahaushe ya ɗauke ta, watau aikin Inna ce ta bori, ba ƙwayar cuta ba. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin a Jihar Kano, ba a koma ba sai a watan Yuli na 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya matakin farko bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Saƙo ya riƙa bin tsohuwar hanyarsa daga sarki har zuwa mai unguwa, ƙofofin da suka rufe suka fara buɗewa. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. A Jihar Sakkwato kuma an gwada sa wanzamai su riƙa tura jarirai wurin rigakafi, tun da su ne ke fara shiga gidan haihuwa. Da ɗan gari akan ci gari.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ke nunawa ga ƙasar Birnin Kudu da Gwaram shi ne, raya al'ada ba ya nufin mayar da hannun agogo baya. Hutun jego da doguwar shayarwa a riƙe su. Kanwa a rage ta, yankan gishiri da cire belu a bar su. Wanzami da ungozoma kuwa a ba su sabon aiki mai lada, na kai rahoton haihuwa da rakiyar mai ciki zuwa awo, domin wanda aka hana wa abincinsa ba a ba shi madadi ba, zai ci gaba da aikinsa a ɓoye. Akwai kuma nauyi a kan masu nazarin Hausa: sunayen cututtuka da na itatuwan magani da kirarin wanzamai suna bakin tsofaffi, kuma kowace shekara ana rasa wasu daga cikinsu. In ba a tattara su yanzu ba, masu zuwa ba za su sami abin da za su tace ba.