Ƙarfafuwar Mahaɗar Ƙwayoyin Jijiya

Ana ɗaukar ƙarfafuwar mahaɗa a matsayin ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da ƙwaƙwalwa ke adana abin da za a daɗe ana tunawa. Idan saƙo ya yi ta bi ta mahaɗa ɗaya tsakanin ƙwayoyin jijiya biyu, sinadarin gulutamet kan buɗe ƙofofin da ake kira NMDA, kalsiyam ya kwarara cikin ƙwayar da ke karɓa, ita kuma ta ƙara wa bakinta makarɓan saƙo. Daga nan taɓawa kaɗan ta isa ta amsa.

Amma ƙarfin ba ya ɗorewa sai ƙwayar ta ƙera sababbin furotin, mahaɗar ta yi kauri. Masana kimiyya Tim Bliss da Terje Lømo ne suka wallafa bayanin ƙarfafuwar mahaɗa a 1973, bayan gwaji a ƙwaƙwalwar zomaye a Oslo.