Tuƙi Cikin Maye a Jamus: Mota, Sikuta Mai Lantarki da Masu Maimaita Laifi

A Jamus, abin da gwajin jini ya nuna shi ne hujja a kan direba, ko da yana jin garau yake. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa firomil: firomil 1 na nufin giram ɗaya na barasa a cikin kilo ɗaya na jini.

Wanda aka kama da firomil 0.5 zai biya tarar Yuro 500, a kuma hana shi tuƙi wata ɗaya. Daga 1.1 zuwa sama magana ta koma kotu: tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, sannan a karɓe lasisi. Ko 0.3 ma na iya kai mutum gaban alƙali idan ya haddasa hatsari ko aka ga mota tana tangaɗi da shi. 'Yan ƙasa da shekara 21 da sabbin direbobi ba a yarda su sha ko kaɗan ba.

Sikuta mai lantarki

Nan ne baƙi da ɗalibai suka fi faɗawa. Tun watan Yunin 2019 aka halatta hawa wannan ɗan abin hawa mai taya biyu da ake tuƙawa a tsaye. Gudunsa bai wuce kilomita 20 a sa'a ba, kuma ba a buƙatar lasisi, shi ya sa da yawa ke ɗaukarsa kamar keke. Doka kuwa ta ɗauke shi abin hawa mai inji, iyakar barasarsa ɗaya da ta mota. Mutum zai iya barin motarsa a gida, ya hau sikuta a buge, ya rasa lasisin motar. A bikin giya na birnin Munik a 2019, 'yan sanda sun kama mutum 414 a haka, suka karɓe lasisin 254.

Tayoyin ƙanana ne, barasa kuma tana dagula daidaiton jiki. Shi ya sa raunin kai da fuska ke da yawa, musamman da yake ba dole ba ne sa hular kwano.

Idan aka maimaita

Karo na biyu tarar Yuro 1,000 ce da hanin wata uku, na uku Yuro 1,500. Abin da ya fi tarar wuya shi ne binciken MPU, inda likita da masanin halayyar ɗan Adam ke tantance mutum kafin a mayar masa da lasisi. Ana tura duk wanda ya maimaita, ko aka samu da firomil 1.6. Sau da yawa sai ya kawo shaidar ya daina sha na wata shida ko shekara guda, ta gwajin fitsari ko gashi.

Iyali su lura: maimaita wannan laifi kan zama alamar shaye-shaye ya kama mutum, kuma ciwo ne da ake magani. A nemi likita tun kafin a je binciken.

Hanta tana rage kusan firomil 0.1 ne kawai a sa'a. Kofi ko wanka da ruwan sanyi ba sa hanzarta ta, don haka wanda ya sha da yawa da dare zai iya wayar gari bai sauko ƙasa da iyaka ba. Mai shan tramadol, kodin ko maganin barci ya tambayi likitansa kafin ya tuƙa, domin suna ƙara wa barasa ƙarfi.