Inda Ƙafar Direba Ke Sauka

A shekarar 2007 jaridun duniya sun ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Har yau, duk sa'ad da wani matashi a Arewa ya fito da motar da ya ƙera a ƙofar gida, tambayoyinmu ba sa canzawa: wane inji ya sa mata, yaya gudunta, nawa ya kashe. Da wuya a sami wanda zai sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya duba abin da ke riƙe da matakin birki, alhali a nan ran direba yake rataye.

A farkon tarihin mota wannan wuri bai zama abin damuwa ba. Model T da kamfanin Ford ya fitar a 1908 tana da matakai uku, amma ba irin namu ba: na hagu na kuloci da giya ne, na tsakiya na komawa baya, na dama birki, totur kuwa a hannu yake. Duka ukun a jikin akwatin giya suke, ƙarfe mai kauri da ba ya lanƙwasa. Jerin da muka sani a yau, kuloci da birki da totur, ya bayyana a Cadillac a 1916, sannan Austin 7 ta Ingila ta yaɗa shi daga 1922. Ko da birki mai aiki da mai ya shigo, wanda Duesenberg ta sa wa ƙafafunta huɗu a 1921, tukunyar man, wadda makanikai ke kira masta, a ƙarƙashin daɓen mota aka riƙa ɗaure ta, a jikin ƙashin motar.

Sauyin ya zo ne a shekarun 1950. Ford ta fara rataye matakan daga sama a 1952, masta ta koma jikin bangon da ya raba inji da ƙafafun direba. An huta da ruwa da ƙura da ke shigowa ta ramukan daɓe, amma nauyin ya koma kan faranti mai kaurin da bai fi milimita guda ba. Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 wannan tsari gare ta, kuma shi ne maƙeran gida suka gada, domin daga gawar irin waɗannan motoci suke ciro kayan aiki.

Matakin birki sanda ce mai ninka ƙarfi, sau biyar ko shida idan babu na'urar taimako. Direba ya taka da nauyin kilo 50, masta ta tura bangon gaba da kilo 300, ƙusar da matakin ke juyawa a kanta kuma ta ja baya da kilo 250. Masana'anta ta san haka, shi ya sa take haɗa wuraren biyu da akwatin ƙarfe guda, ta kuma tokare shi da gindin sitiyari. Mai ƙirar gida yakan ciro matakin ya bar tokarar a bola, ya ɗiga walda a kan gwangwani. Sai birki ya riƙa yin laushi, a yi ta zargin iska a cikin mai, alhali bangon ne ke numfashi.

A ƙasar Gumel haɗarin ɓoyayye ne. Daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar ƙasa shimfiɗe take, babu gangaren da zai tona asirin birki mai rauni. Girgizar hanyoyin ƙauye ce ke cin waldar a hankali, har ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari, lokacin da sa zai faɗo titi, direba ya miƙe a kan birki da dukkan ƙarfinsa.

Gyaran ba shi da tsada. A sa faranti mai kaurin milimita 3 a bayan bangon, a ɗaure da noti masu lamba 8.8 da faffaɗan wasa, sannan a miƙa tokara biyu zuwa bututun ƙashin motar yadda za su yi kusurwa uku, domin wannan siffa ba ta karkacewa. A ganina mai waldar da ya iya ƙarfafa bayan akori-kura don ɗaukar buhuna ya riga ya mallaki ilimin, wurin ne kawai bai saba kallo ba.

A gasar Formula Student, inda ɗaliban jami'o'i ke ƙera motocin tsere, ƙa'ida ta tanadi matakin birki ya jure kusan kilo 200 ba tare da wani abu ya karye ba. Alƙali yakan zauna a kujerar ya taka iya ƙarfinsa. Ana iya yin haka a kowane gareji a Gumel: mutum ɗaya ya taka, wani ya buɗe bonet ya ɗora yatsa a kan masta, ya ji ko tana motsi.