Sigar aikatau da littafi ya riƙe wa Italiya

Idan mutumin Milan zai ce ya ci abinci, jiya ne ko shekara talatin baya, "ho mangiato" zai ce. Mutumin Sisili kuwa yana iya cewa "mangiai" alhali ɗazu ya wanke hannu. Wannan siga ta biyu ita masu nahawu ke kira passato remoto, wato shuɗaɗɗen lokaci mai nisa. Sunan yana ɓatar da mai koyo, domin ba tsawon shekaru take aunawa ba. Tana nuna aikin da ya ƙare ya yanke da yanzu, shi ya sa ta dace da jera labari, kusan yadda "suka tafi" ke yi inda "sun tafi" ba za ta zauna ba.

Gado ce kai tsaye daga Latin: "fecit" ya zama "fece", "dixit" ya zama "disse". Kishiyarta, passato prossimo, daga baya ta samu, lokacin da aka fara haɗa aikatau na mallaka da wani aikatau. A arewacin ƙasar ta mamaye bakin jama'a har tsohuwar sigar ta ɓace daga yawancin karin harshensu tun kafin haɗewar Italiya a 1861.

Littafi ne ya hana ta mutuwa a can. A 1525 Pietro Bembo ya wallafa Prose della volgar lingua, ya ce a ɗauki harshen Fulorans na ƙarni na 14 ma'auni: Petrarca a waƙa, Boccaccio a zube. Labaran Boccaccio kuwa da wannan siga suke tafiya. Abin lura, Bembo ɗan Benis ne, wato ɗan arewa. Haka ma Alessandro Manzoni, ɗan Milan, wanda ya sake wanke harshen I promessi sposi a bugun da ya fito tsakanin 1840 da 1842 don ya yi daidai da bakin Fulorans, aka kuma mai da littafin karatun makaranta.

Sakamakon yana nan har yau. Yaron Turin a aji yake haddace "feci, facesti, fece", yana tuntuɓe da tushen da ke sauyawa, ya same ta a tatsuniya da littafin tarihi, amma da wuya ya ji ta a bakin mahaifiyarsa. A Tuskani ne har yanzu ake rarrabe sigogin biyu a hirar yau da kullum.