Shakkun Manoman Shinkafa a Fadamar Rima: Nazari kan Fasaha, Rance da Alƙawuran Gwamnati, 2012 zuwa 2024

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda manoman shinkafa na Birnin Kebbi da Argungu suke karɓar shirye-shiryen da gwamnati da bankuna da kamfanoni suke kawo musu da sunan zamani. An saba fassara ɗari-ɗarin da suke yi da jahilci ko son banza. Binciken ya gano cewa shakkun nasu yana da zaɓi: suna rungumar duk fasahar da ragamarta ke hannunsu, suna kuma kaffa-kaffa da wadda ke bi ta hannun jami'i ko ɗan siyasa kafin ta iso gona.

Gabatarwa

A ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. Babban Bankin Najeriya ne ya ɗauki nauyinsa, kuɗin ruwa bai wuce kashi 9 cikin ɗari ba, kuma manoma fiye da 70,000 aka ce sun shiga a zagayen farko a jihar. Zuwa Maris 2023 bankin ya ce ya raba sama da naira tiriliyan 1 a faɗin ƙasa, an dawo masa da kashi 52 cikin ɗari. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 ne kawai. Ko wanne aka ɗauka, kuɗi masu yawa ba su dawo ba, kuma nan take aka ɗora laifin a wuyan manomi. Wannan hukuncin ne maƙalar take ƙalubalanta.

Bitar ayyukan da suka gabata

Polly Hill a Batagarawa da Michael Watts a ƙasar Katsina sun riga sun nuna cewa manomin Hausa gwanin lissafin haɗari ne, kuma bashi tsohon abokin zamansa ne. Babu jayayya a nan.

Inda gardama take shi ne wajen masu jingina da ra'ayin Peter Ekeh na 1975. Ekeh ya ce mulkin mallaka ya bar wa ɗan Afirka jama'a biyu: ta gida, wadda yake riƙe wa amana, da ta hukuma, wadda yake ɗibar dukiyarta ba tare da jin kunya ba. Jami'an banki da marubutan jarida da yawa sun mayar da wannan tunani sandar dukan manoma, suna cewa talaka ya ɗauki rance a matsayin rabonsa na arzikin ƙasa. Akwai matsala biyu. Ta farko, Ekeh yana magana ne musamman a kan 'yan boko masu riƙe da ofis, waɗanda hannunsu ke kaiwa ga baitulmali, ba mai kadada ɗaya a fadamar Rima ba. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, ra'ayin ya mayar da halin abu na gado wanda ba ya canzawa, alhali mutumin da ake zargi shi ne yake biyan ɗan kasuwar da ya ba shi taki bashi a kan lokaci, ko da zai sayar da akuya. Idan hali ne na jini, me ya sa yake bayyana a wata mu'amala, ya ɓace a wata? Masu wannan ra'ayi ba su amsa ba.

Hanyar bincike

An bi sanarwar Babban Banki da ta gwamnatin jihar da rahotannin jaridu, aka jera su bisa shekaru. Sannan aka gwama su da hirarrakin da mai binciken ya yi da manoma da dillalan shanshera da masu shagunan taki a fadamu da kasuwannin Birnin Kebbi da Argungu. An sakaya sunayensu.

Sakamakon bincike

Abu na farko a taƙaice yake: mutanen nan ba sa gudun zamani. Ƙaramin injin ban-ruwa da rijiyar tiyo da ake haƙawa a fadama su suka mayar da noman rani sana'ar kowa. Da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu hali suka koma ga injin gas da mai aiki da hasken rana ba tare da wani ya yi musu wa'azi ba. Wayar hannu kuwa da ita ake jin farashin buhu kafin a ɗora kaya a mota.

Abu na biyu shi ne gundarin maƙalar. Shakku yana farawa ne daidai inda na'ura ta zama ƙofar da wani ke gadi. A 2012 gwamnatin tarayya ta kawo tsarin rabon taki ta saƙon waya, buhu 2 a rabin farashi. An ce hakan zai kori 'yan tsakiya. Amma sai an rubuta sunanka kafin saƙo ya zo, kuma mutum ne yake riƙe da biron. Da Anchor Borrowers ya zo, sai aka ƙara asusun banki da lambar BVN da shiga ƙungiya. Duk waɗannan suna iya tabbatar da cewa mutum yana raye kuma yatsansa ne. Ba sa iya tabbatar da cewa yana da gona. Ta wannan kafa waɗanda ake kira manoman biro suka shigo, kuma manomin gaskiya yana kallonsu ido da ido, ya san gidajensu, ya san ba su taɓa tsoma ƙafa a laka ba. Wanda ya ga haka, da wane baki za a ce masa wannan kuɗi amana ne?

Sai batun lokaci, wanda kusan duk wanda aka zanta da shi ya ambata kafin a tambaye shi. Mafi yawan rancen ba tsabar kuɗi ba ne: iri ne da taki da maganin feshi da inji, waɗanda wani ɗan kwangila ya kawo a farashin da manomi bai sa baki ba. Idan taki ya iso bayan shinkafa ta wuce lokacin buƙatarsa, amfaninsa ya ragu, amma adadin da aka rubuta a takarda bai ragu ba. A lokacin girbi kuma tsarin ya tanadi a kai shanshera ga kamfanin da aka ƙulla da shi. Ƙaddamar da masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu a Agusta 2017, da Labana a Birnin Kebbi, ya buɗe kasuwa ta gaske, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai duk lokacin da farashin kasuwa ya haura wanda aka yi yarjejeniya a kai, musamman bayan rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019, manomi yana ganin an nemi ya yi asara sau biyu: wajen karɓar kaya da wajen sayarwa.

A kan wannan ne siyasa ta ɗora nata nauyin. A damina ta 2020 ambaliya ta shanye fadamun Kebbi, hukumomin jihar suka ce kimanin kadada 450,000 ta shinkafa ta salwanta. Cikin Maris 2021 aka tara dalar shinkafa a Zauro, aka gayyato manya. A Janairu 2022 aka maimaita a Abuja. Ga mai kallon talabijin, alamar nasara ce. Ga wanda gonarsa ta nutse 'yan watanni kafin taron Zauro, kuma sunansa yana cikin masu bashi, saƙon daban ne: shirin na masu mulki ne, don su nuna. Shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi, wadda aka sayar naira 12,000 buhu a Disamba 2016, ta ɓace daga kasuwa bayan 'yan shekaru. A ƙarshen 2023 sabon shugabancin Babban Banki ya janye daga irin waɗannan rance. A Yuli 2024 aka sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafa. Cikin shekara 9, wanda aka ce ya noma don a daina shigo da ta waje ya ga an buɗe mata ƙofa.

Kuma wannan ba shi ne karon farko ba. Tun 1969 ake maganar aikin ban-ruwa na Zauro, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, har yau bai kammalu ba. Dattawa suna tuna yadda madatsar Bakolori, da aka gama a 1978, ta rage ruwan da ke malala a fadamun ƙasa da ita, da yadda aka harbe manoma masu neman diyya a can a 1980. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin da jami'i ke kira munana zato, a wajen manomi lissafi ne da aka gina a kan abin da ya faru.

Iyakokin bincike

Dole a faɗa, ko da a taƙaice, cewa akwai waɗanda suka girbe lafiya suka ƙi biya da gangan, kuma wannan cin amana ne. Binciken ya tsaya ga masu noman shinkafa, muryar maza ta rinjayi ta matan da ke turara shinkafa da sussuka, kuma hira ba ƙidaya ba ce. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya rushe bambancin da aka gano tsakanin fasahar da manomi ke mallaka da wadda ake mallake shi da ita.

Shawara

Duk shirin da za a sake kawowa fadamar Rima, a liƙa jerin sunayen masu cin gajiyarsa a ƙofar mai gari kafin a raba komai, domin maƙwabta sun fi kowace na'ura sanin mai gona. A bai wa manomi damar sayen takinsa a shagon da ya zaɓa. A rubuta ranar isowar kaya cikin yarjejeniya, in aka saɓa, bashin ya ragu. Gwamnatin Jihar Kebbi da ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN su wallafa adadin abin da aka raba da abin da aka dawo da shi a kowace ƙaramar hukuma daga 2015 zuwa 2023.